Daga kan Jama'a zuwa hular Zanna: wa ke da hurumin cewa wannan aikin fasaha ne?

A shekarar 1943 wani ma'aikacin haƙar kuza a yankin Jama'a, kudancin jihar Kaduna ta yau, ya tsinci kan mutum da aka gina da yumɓu aka gasa. Ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi ya zama mutum-mutumin korar tsuntsaye, kan ya kuma yi kusan shekara yana wannan aiki. Daga baya manajan wurin haƙar ya gan shi, ya kawo shi nan Jos ya nuna wa Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tono kayan tarihi. Fagg ya lura cewa ya yi kama da wani da aka tono kusa da ƙauyen Nok a 1928. Daga nan aka fara maganar al'adar Nok, kuma irin waɗannan kaya na cikin manyan dalilan da suka sa aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952.

Yumɓun bai sauya ba tun ranar da aka fito da shi daga wuta fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A gona shi ne, a cikin gilashi ma shi ne. To yaushe ya zama aikin fasaha? Yadda aka saba ba da labarin, sai mai sauraro ya ɗauka ranar da idon Bature ya sauka a kansa ne. Ni ban yarda ba. Ya zama aikin fasaha tun lokacin da wanda ya gina shi ya zauna yana daidaita ramin ido, yana tsara gashin kai, yana gyara laɓɓa, alhali da dunƙulen laka kawai ya yi mai kama da kai, da ya wadatar a ce kai ne. Fagg ya gane abin da ke akwai ne, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Amma ganewa daban, samarwa daban, kuma rikita waɗannan biyun ya jawo mana asarar da har yau muke cikinta.

Wani zai ce wannan gardamar masu ƙoshi ce, ana fama da tsadar masara wa ke ta tantance fasaha. Sai dai tambayar tana taɓa aljihu kai tsaye. A 1926 wani masassaƙi ɗan asalin Romaniya mai suna Constantin Brancusi ya aika da wani aikinsa na tagulla zuwa Amurka, dogon abu siriri mai santsi da ya ce tsuntsu ne a sararin sama. Dokar ƙasar ta yafe wa ayyukan fasaha kuɗin fito. Jami'an kwastan suka duba ba su ga baki ba, ba su ga fiffike ba, suka ce wannan ƙarfe ne da aka sarrafa, suka ɗora masa haraji. Sai da aka je kotu, a 1928 alƙalai suka yanke cewa aikin fasaha ne ko da bai yi kama da tsuntsu ba. A nan gida ba ma zuwa kotu, amma hukuncin yana gudana kullum a kasuwa. Shiga ɗaya daga cikin gidajen baje kolin zane na Maitama ko Wuse a Abuja, za ka ga hoton fenti a kan ƙyalle, da sunan mai shi a ƙasa da shekarar da ya yi shi, farashinsa kuma ba mai neman ragi. Ka koma kasuwar kayan gargajiya da ke tsakiyar birnin, ka ɗauki jakar fata da baduku ya ɓata makonni a kanta, babu suna, kuma mai saye yana jin haƙƙinsa ne ya taya ta da rabin kuɗi. An riga an gaya masa cewa wancan fasaha ce, wannan kuwa sana'ar hannu.

Ya kamata mu san inda wannan rabo ya fito, domin Turawan da suka kawo shi su kansu sun daɗe da rikicewa a kansa. A 1917 Marcel Duchamp, wani Bafaranshe mazaunin New York, ya sayi mazubin fitsari na tangaran irin na bayan gidan maza, ya rattaba masa sunan ƙarya, ya aika da shi wurin baje kolin da aka yi alkawarin karɓar aikin duk wanda ya biya kuɗin shiga. Masu shiryawa suka ƙi nuna shi. Yau kwafinsa na cikin manyan gidajen adana fasaha na duniya. A 1964 Andy Warhol, mai zane ɗan Amurka, ya baje akwatunan katako da aka yi wa fenti suka zama tamkar kwalayen sabulun wanke tukwane na kanti. Masanin falsafa Arthur Danto ya kalle su ya ce ido kaɗai ba zai iya raba su da na kanti ba, don haka abin da ya mayar da su fasaha yana cikin tarihi da tunanin da ke kewaye da su. George Dickie, shi ma masanin falsafa, ya ƙara gaba ya ce aikin fasaha shi ne abin da mutanen wannan fage, wato masu gidajen baje koli, masu sharhi da masu adanawa, suka ba wannan matsayi. Ƙarshen wannan hanya muka gani a Nuwamban 2024, lokacin da kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da ayaba ɗaya da aka manna a bango da salatif, aikin Maurizio Cattelan, a kan dala miliyan 6.2. Wanda ya saya, Justin Sun, ya ɓare ta ya cinye a gaban 'yan jarida, domin abin da ya biya wa kuɗi takardar shaida ce da izinin manna wata ayabar.

Akwai gaskiya a cikin maganar Danto, ba zan ƙi ta ba. Babu abin da ke zama fasaha shi kaɗai a daji. Sai da mutanen da suka san abin da ya gabata, suka san abin da ake ƙoƙarin yi, suke iya cewa wannan ya kai, wannan bai kai ba. Inda nake rabuwa da masu wannan ra'ayi shi ne wurin ƙidayar su wane ne waɗannan mutane. Idan aka ce fasaha ita ce abin da masu gidajen baje koli suka amince da shi, an gaya mana wanda ke riƙe da mabuɗi ne kawai, ba a gaya mana abin da ya sa ya buɗe wa wannan ya rufe wa wancan ba. Ga mu kuwa, mabuɗin ya daɗe a hannun wasu. Kayan tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897 sun shafe shekaru a ɗakunan nazarin ƙabilu kafin a fara kiran su fasaha. Sai a shekarar 2000 gidan Louvre na Faris ya keɓe sashe ga ayyukan Afirka da makamantansu, bisa matsawar shugaba Jacques Chirac, kuma cikin abin da aka baje har da mutum-mutumin Nok da aka fitar daga Najeriya ba bisa ƙa'ida ba. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakin Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Idan muka bi Dickie sau da ƙafa, sai mu ce mutanen Nok ba su yi fasaha ba sai da Faris ta buɗe musu ƙofa. Hankali ba zai ɗauki wannan ba.

Ma'auni na biyu da ake yawan jefa mana shi ne amfani. Wai aikin fasaha don kallo kawai ake yin sa, duk abin da ake sawa a jiki ko a ci abinci a ciki ko a zuba ruwa, sana'a ce. A nan ne labarin Ladi Kwali ya fi komai bayyana matsalar, ita da hotonta ke bayan takardar naira 20.

An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, inda ginin tukwane aikin mata ne. Tun tana yarinya ta koya a gida, da hannu, ba na'urar juya yumɓu. Tana gina randa da tulu da tukunya, ta zana musu kunama, ƙadangare, hawainiya, kada, kifi da maciji a tsakanin layuka masu tsari, a gasa su a fili da itace da ciyawa. Kafin wani Bature ya san da zamanta, sunanta ya riga ya zaga yankin, har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta a gidansa. A can Michael Cardew, maginin tukwane daga Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki, ya fara ganin su. Ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Ta koyi na'ura, ta koyi shafa ruwan ƙyalli irin na tangaran, ta koyi gashi da wuta mai tsananin zafi. Aka baje ayyukanta a Landan tun daga 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984.

Ga inda ya kamata a tsaya a duba. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana naso, iska na busar da danshin tana tafiya da zafi. Randunan da Ladi ta gina a cibiyar Cardew, da yumɓu mai nauyi da ruwan ƙyalli, ba sa naso, sun kuma yi nauyin da mace ba za ta ɗora a ka ta je rafi ba. Siffar tana nan, zanen yana nan, hannun shi ne dai hannun, amma sun daina aikin randa. Waɗannan ne suka shiga gidajen adana fasaha na Turai da Amurka. Wato bisa ma'aunin amfani, Ladi Kwali ta zama mai fasaha ne ranar da randarta ta daina sanyaya ruwa. Ba na raina abin da ta yi a Suleja, ayyuka ne masu ban sha'awa, kuma ita ta zaɓi ta koya. Amma matan da suka fara cewa a kawo musu tulun Ladi, suka fifita shi a kan na sauran maginan da ke kusa da su alhali duk ruwa ɗaya suke ɗauka, sun yi hukuncin fasaha, kuma sun riga Landan yin sa da shekaru. Sarkin da ya ajiye tukwanenta don ya riƙa kallo shi ma haka.

Daga nan nake ɗaukar nawa ma'aunin. Abu yana zama aikin fasaha idan wanda ya yi shi ya wuce iyakar buƙata da gangan, ya sa tunani da zaɓi a cikin yadda abin zai bayyana ga ido ko kunne, sannan akwai mutanen da suka san wannan fage har suna iya bambance gwani da ɗan koyo, su kuma faɗi dalili. Ko abin yana da amfani ko ba shi da shi, wannan bai shiga lissafi ba. Kuma mutanen da ke da hurumin hukunci su ne waɗanda suka san fagen, ko suna da digiri ko ba su taɓa shiga aji ba.

Irin waɗannan mutane muna da su birjik, mun dai daina ɗaukar maganarsu da nauyi ne. Je ka tsaya wurin masu sayar da huluna a kewayen babban Masallacin Juma'a na Jos ka saurari dattijon da ya san hula yana ciniki. Zai juya ta ciki ya duba bayan ɗinkin. Zai ce zaren nan bai kwanta ba, ko ya ce wannan an cika ta, ba a bar fili ba. Zai nuna maka inda zanen ya zagayo ya haɗu, ya ce a nan ake gane hannu, domin wanda bai ƙware ba lissafinsa yakan ɓace a mahaɗa sai ya cusa rabin gida. Zai raba maka Zanna da damanga da aikin Bama, ya gaya maka wace kala ta danne wace. Wannan sharhin fasaha ne cikakke, yana da ƙa'idoji, yana da tarihi, yana da saɓanin ra'ayi tsakanin masana. Hular da yake magana a kanta wata mata ce ta ɗinka a cikin gida a Unguwar Rogo ko Gangare, ko wani da rikici ya koro daga Borno, mako bayan mako, ido na ƙaiƙayi. Rufe kai kawai ake nema? Ai da ƙyalle fari ya isa.

Haka babbar riga. Aska biyu da aska takwas ba ado ne da ake watsawa yadda aka ga dama ba; akwai wanda ke zana tsarin a kan yadi tun kafin allura ta taɓa shi, akwai masu cikewa, kuma masu sani suna gane rigar da aka zana da natsuwa daga nesa. Haka dukawan Naraguta da fatarsu. Haka matan da ke yin jere a ɗakin amarya, da masu zanen lalle, da masu sassaƙar ƙwarya.

Inda abin ya fi zurfi a wurina shi ne rubutun Alƙur'ani da hannu. Maganar Allah tana sama da a auna ta da wannan ma'auni, ba ita nake nufi ba. Hannun marubucin nake nufi. Alarammomi sun san wanda rubutunsa ya zauna, wanda harafinsa ke da ƙiba daidai, wanda layinsa ba ya hawa ba ya gangara ko da babu jan layi. Sun san wanda ya iya haɗa tawada baƙa da ja da ruwan ɗorawa ta yadda wasali ba zai shige wa harafi ba. Zayyanar da ake yi a wurin sumuni da rubu'i da hizifi da sujada, da wadda ake cika allon mai sauka da ita, lissafi ne na zane mai wuya, kowane mai zayyana kuma yana da salon da ake gane shi da shi. Mutanen da ke wannan aiki sun riƙe hadisin da ya ce Allah mai kyau ne kuma yana son kyau, shi ya sa ba sa ganin ɓata lokaci ne a kwana ana ƙawata gefen shafi. Duk wani bayani na fasaha da ya bar waɗannan a waje, bayanin ne ke da gyara.

Kakanninmu ma ba su bar hukuncin a baki kawai ba, sun ba shi sarauta. Wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, Muhammadu Durugu, an san shi da Babban Gwani, kuma har yau akwai unguwa mai wannan suna a birnin. Da ƙasa da azara ya ɗaure bakan gizo ya ɗora tulluwa, ya yi rufin da masana gine-gine daga ƙasashen waje suka zo suna aunawa suna zanawa. Al'ummar da ta kira magini Babban Gwani ta san ba duk magina ne ɗaya ba, ta san kuma wanda ya wuce sana'a ya kai wani matsayi. A Zariya, gyaran shekarun 1970 ya sa ginin siminti ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon masallacin. Wanda ke son ya ga cikakkiyar siffarsa, nan Jos zai zo, filin gine-ginen gargajiya da ke jikin gidan tarihi, inda Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland, ya jagoranci magina suka gina kwafinsa tare da na ganuwar Kano.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce duk wannan gwaninta ce kawai, maimaita abin da aka gada, ita kuwa fasaha ta gaskiya sai da sabon tunani. Amsata biyu ce. Ta farko, ban ce kowace hula aikin fasaha ce ba. Mafi yawan hulunan kasuwa kwaikwayo ne da aka yi da gaggawa, kamar yadda mafi yawan hotunan fenti na Bafulatana da ƙwaryar nono da ake sayarwa a harabar otal-otal na Abuja kwaikwayo ne da aka yi da gaggawa. Bambancin shi ne su waɗancan ana kiran su fasaha tun kafin a duba, saboda a kan ƙyalle suke cikin firam. Abin da nake nema shi ne a duba kowanne kafin a yanke. Ta biyu, duk wanda ya ce babu sabon tunani a aikin gargajiya bai bi kasuwar hula ba. Zanen da ake yayi bana ba shi ne na shekara 10 da suka wuce ba. Wani ne ya zauna ya ƙirƙiro shi, sauran suka kwafa, sunansa ne kawai ba a rubuta ba.

Kuma masu zanen zamani da kansu sun san darajar wannan rijiya, tunda daga cikinta suke ɗiba. A 1958 ɗaliban sashen zane na kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga manhajar Ingila kaɗai ba, sai sun haɗa ta da abin gida. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina salonsa a kai. Wannan yunƙuri abin alfahari ne. Amma a lura da abin da ya biyo baya a ƙasar nan gaba ɗaya: idan ɗan jami'a ya ɗauki dagi ko tsarin zayyana ya ɗora a ƙyalle, ya zama mai fasaha, wanda ya aro a wurinsa yana nan a matsayin mai sana'a. Laifin ba na ɗan jami'ar ba ne, na tsarin da ke kallon takardar shaida kafin ya kalli aikin ne.

Ayabar Cattelan fa? A ma'aunina tana iya shiga, amma ta ƙaramar ƙofa. Akwai zaɓi a cikinta, akwai kuma mutanen da suka san gardamar da ta faro tun daga Duchamp suke fahimtar abin da take faɗa game da kuɗi da kasuwar fasaha. Magana ce a cikin hirar wasu mutane, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce hirarsu ita kaɗai ce hira, ko a ce farashin gwanjo shi ke nuna nauyin aiki. Haka nake kallon hotunan da manhajojin kwamfuta ke haɗawa, irin wanda ya ci gasa a bikin baje kolin jihar Colorado ta Amurka a 2022. Tambayar ita ce nawa ne daga cikin abin da ido ke gani mutum ya zaɓa da saninsa. Masu sayen riga sun daɗe da warware irin wannan a tsakanin ɗinkin hannu da na kwamfuta: suna sayen duka biyun, ba sa kuma biyan su kuɗi ɗaya.

Akwai batun addini, kuma a gari irin Jos bai kamata a kewaye shi ba. Musulmi da yawa ba sa sakin jiki da mutum-mutumi, malamai kuma sun yi magana mai ƙarfi a kan sassaƙa siffar abu mai rai. Wasu Kiristoci ma suna ƙyamar duk abin da ya shafi bautar gargajiya. Ina girmama wannan. Sai dai tambayoyi uku ne a nan da ake cakuɗawa: shin abu aikin fasaha ne, shin ya yi kyau a fagensa, shin ya halatta in yi shi ko in ajiye shi a ɗakina. Ta ukun ta malamai ce. Mutum zai iya ƙin ajiye mutum-mutumi a gidansa, ya kuma yarda cewa wanda ya gina kan Nok gwani ne, ya so a adana shi a matsayin shaidar waɗanda suka zauna a wannan ƙasa suna narka ƙarfe tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Inda aka kasa raba waɗannan tambayoyi, mutanen wuri sukan ɗauki kayan a matsayin abin banza, dillalai kuma su samu yadda suke so. Haka aka yi ta tone wuraren Nok a shekarun 1990 ana fitar da kaya ta bayan fage, kuma duk abin da aka tono ba tare da nazari ba, labarin da ke tare da shi a cikin ƙasa ya tafi ke nan.

Rabon da nake kuka da shi ya shiga har cikin tsarin gwamnati. Hukumar raya al'adu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1975, ita ke kula da sana'o'in hannu da bukukuwa. Hukumar gidajen tarihi, ta 1979, ita ke da kayan da. Hukumar adana ayyukan fasaha ta ƙasa, ta 1993, ita ke da fasahar zamani. Mai zayyana da ke raye yau a Jos bai tsufa ya zama tarihi ba, ba shi da digirin da zai sa a kira shi mai fasahar zamani, saboda haka wurinsa rumfar baje koli ce a lokacin biki, ya sayar da abin da ya samu ya koma gida. Gine-ginen ƙasa na filin gidan tarihin Jos kuwa, duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san sai da yaɓe a kai a kai, balle a garin da damina ke da ƙarfi irin namu. Ba za su tsaya da takarda da lacca ba, sai da magina masu rai da suka iya tubali da azara da makuba, kuma ba za a samu matasa su gaji wannan ba muddin ana kallon sa a matsayin aikin lebura.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Abu na farko suna ne. Duk kayan da gidan tarihi ko gidan baje koli zai karɓa daga yau, a rubuta wanda ya yi shi, da garinsu, da wanda ya koya masa. Takardar da ke cewa "Hausa, ƙarni na 20" tana shafe mutum ne, alhali ana iya tambaya a samu amsa. Mai sayen hula mai tsada shi ma ya tambayi dillali hannun wa ye, domin ranar da masu saye suka fara neman aikin wance da sunanta, ranar kuɗinta zai fara tashi. Makarantun firamare da sakandare da ke koyar da zane su riƙa gayyato baduku da maginiya da mai zayyana su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. Hukumar adana ayyukan fasaha kuma ta fara sayen allon zayyana da babbar riga da hular da ta kai, ta rataye su a bango ɗaya da hotunan fenti, a farashin da ba zai ba mai aikin kunya ba. Kwamitin da zai zaɓa kada ya zama na farfesoshi zalla. A sa alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, a sa tsohuwar maginiya daga Ushafa ko Kwali, a sa dillalin da ya tsufa a kasuwar hula, kuma ƙuri'ar kowannensu ta zama daidai da ta farfesa.